Tsadar Ƙaura da Tsadar Zama

Hausawa na cewa zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Magana ce mai daɗin ji, sai dai kifi ba shi da kaya: ba ya biyan kuɗin amalanke, ba ya sake kafa rumfa, ba ya kuma neman sababbin abokan ciniki. Duk wanda ya taɓa tayar da shago daga wata unguwa zuwa wata ya san cewa ƙaura ma tana da nata tsautsayin. Tsakanin waɗannan tsautsayi biyu akwai wata tambaya da na shafe shekaru ina koyar da ita a aji, kuma har yau ba ta gundure ni ba. Tambayar ita ce, yaushe ya kamata abin da ke yi wa jama'a hidima, ko asibitin tafi-da-gidanka ne, ko tankar ruwa, ko rumbun abinci, ya bar inda yake ya bi jama'a, alhali su jama'ar ba su zaune wuri ɗaya, kuma ba wanda ya san inda buƙata za ta ɓullo gobe?

Masana lissafi da na kwamfuta suna amsa irin wannan tambaya da abin da suke kira algoridim, wato jerin matakai bayyanannu waɗanda duk wanda ya bi su, mutum ko na'ura, zai kai ga amsa iri ɗaya. Kalmar ta samo asali daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. A nan zan riƙa cewa tsari kawai, domin abin da nake son mai karatu ya tafi da shi bai buƙatar baƙuwar kalma. Ga shi a taƙaice: wanda bai san gobe ba dole ya yi asara idan aka gwada shi da wanda ya sani, amma ana iya ɗaure wannan asara da igiya, kuma igiyar ita ce ƙirga wahalar da ta taru maimakon bin kiran da ya zo a ƙarshe.

Kafin lokaci ya shigo cikin lissafin, an daɗe ana nazarin tambayar a tsaye. A ƙarni na 17 Pierre de Fermat na Faransa ya tambaya: idan akwai ɗigo uku a kan takarda, ina ne wurin da jimillar nisansa zuwa gare su ta fi ƙanƙanta? Evangelista Torricelli na Italiya ya warware ta. A 1909 Alfred Weber, masanin tattalin arziki na Jamus, ya mayar da ita tambayar masana'anta: ina za a gina ma'aikata domin kuɗin jigilar ɗanyen kaya da na kai haja kasuwa su yi sauƙi? Ana iya gwada amsar da hannu. A zana taswira a kan allo, a huda rami a kowane gari, a zura zare ta kowane rami, a ɗaura wa kowane zare nauyi gwargwadon kayan da garin ke buƙata, sannan a ƙulle sauran bakunan zaren wuri guda a saman allon. Inda ƙullin ya tsaya, nan ne wurin. A 1937 Endre Weiszfeld, ɗan ƙasar Hangari, ya wallafa hanyar samun wannan wuri da lissafi, ta fara da kintace sannan a riƙa gyara shi mataki bayan mataki. A 1964 kuma Louis Hakimi ya ɗora tambayar a kan hanyoyi da mahaɗunsu, tun da mota ba ta ratsa daji a miƙe kamar zare.

Idan garuruwan duk suna jere a kan hanya ɗaya, amsar tana da sauƙi ƙwarai. Mu ɗauki ƙauyuka biyar masu yawan jama'a ɗaya, a kilomita 2, 3, 4, 6 da 40. Yawancin ɗalibaina sukan tara lambobin su raba biyar, su ce a ajiye motar asibiti a kilomita 11. Daga nan jimillar tafiya zuwa ƙauyukan kilomita 58 ce. Amma idan aka ajiye ta a ƙauyen da ke tsakiyar jeri, wato na uku, a kilomita 4, jimillar za ta sauko zuwa 41, kuma babu wurin da ya fi nan. Dalilin shi ne, daga nan duk takun da ka yi gabas ko yamma, waɗanda ka yi wa nisa sun fi waɗanda ka kusanta yawa. Ina roƙon mai karatu ya riƙe ƙauyen nan na kilomita 40 a zuciyarsa, domin akwai sauran magana a kansa.

Duk wannan lissafi yana ɗauka cewa jama'a a kafe suke kamar turaku. Da zarar buƙata ta fara yawo, kuɗin da ake biya ya zama iri biyu: kuɗin nisa, wanda ake biya kullum muddin ana nesa da masu buƙata, da kuɗin ƙaura, wanda ake biya duk lokacin da aka tashi. Rage ɗaya yakan ƙara ɗaya. Abin da ya fi wuya kuma shi ne dole a yanke shawara yau ba tare da ganin gobe ba. To, da wane mudu za a auna mai yanke shawara a cikin duhu? A 1985 Daniel Sleator da Robert Tarjan suka fito da wani ma'auni da ya zama ginshiƙin wannan fage. A ƙaddara wani mutum da aka ba shi jerin duk abin da zai faru tun daga farko har ƙarshe, ya zauna ya tsara mafi arhar hanya. Ni ina kiransa mai hangen baya, domin da-na-sani ƙeya ce, shi kuwa an juya masa ƙeyarsa ta koma goshi. Sai a tambaya: a mafi munin yanayi, ninki nawa na kuɗinsa tsarina zai kashe? Idan amsar uku ce, to ko duniya ta haɗa baki a kaina, ba zan biya fiye da ninki uku na abin da ya biya ba.

Na fara fahimtar nauyin wannan ma'auni ne ta hanyar wani kawuna, mai shayi a bakin tasha a garinmu. Wata shekara aka buɗe sabuwar tasha a bayan gari aka ce motoci su koma can. Direbobi suka koma, bayan ƴan makonni suka sulale suka dawo tsohuwa, aka sake korar su, suka sake dawowa. Maƙwabtansa masu abinci sun kasu biyu. Wasu na kwashe kaya duk lokacin da motoci suka motsa, wasu kuma sun rantse ba inda za su. Kawu bai bi ko ɗaya ba. Yana da wani ɗan littafi da yake rubuta gibin cinikin kowace rana, ya ce shi ba zai tashi ba sai gibin ya yi nauyin da zai ɗaga shi. Bai yi boko ba, amma tambayar da yake yi wa littafinsa ita ce ainihin tambayar masana: gibi nawa ne ya isa?

Mu sa lambobi na misali. A ce ƙaura tana cin jaka 20 na sefa, kuɗin amalanke da rumfa da na wuri, kowace rana kuma da motoci ke can kai kana nan, gibinka jaka 1 ne. Mai bin motoci nan take, idan suna canza wuri kullum, zai kashe jaka 40 a kwana biyu, alhali wanda ya zauna ya rasa jaka 1 kacal. Wanda ya rantse ba zai tashi ba, idan motocin suka tafi ke nan, asararsa ba ta da iyaka, alhali jaka 20 ta isa ta kashe maganar. Saura mai ƙirga. Hankali yakan raya wa mutum cewa ya tashi idan gibin ya kai kuɗin ƙaura, wato jaka 20. Mu gwada shi da mafi munin sa'a, inda motoci ke juyawa ranar da ya sauke kayansa. Ya yi gibin 20, ya biya ƙaura 20, ya sake gibin 20, ya biya 20 ya dawo: jaka 80. Mai hangen baya ya zauna a tsohuwar tasha ya rasa 20 kawai. Ninki huɗu ke nan. Idan kuwa ya jira gibin ya kai jaka 40, zai kashe 40 da 20 da 40 da 20, wato 120, mai hangen baya kuma dole ya kashe 40, ko ya zauna ya yi gibin kwana 40, ko ya je ya dawo. Ninki uku. Idan ya tsawaita haƙuri zuwa jaka 60, zai kashe 160 a kan 40, ya koma ninki huɗu.

Ashe ma'aunin shi ne kuɗin zuwa da na dawowa a haɗe, domin wanda zai ƙaura ba shi da tabbacin ba zai dawo ba. Allan Borodin da Nathan Linial da Michael Saks sun tabbatar a 1987 cewa a irin wannan matsala, idan wuraren zama biyu ne, babu tsayayyen tsarin da zai yi ƙasa da ninki uku. Idan wurare uku ne, biyar. Idan huɗu ne, bakwai, haka har gaba. Ninki uku ba abin murna ba ne, amma ya fi ninki arba'in, ya kuma fi asarar da ba ta da ƙarshe.

Matsalar takan ƙara armashi idan abin hidimar ya wuce ɗaya. A 1988 Mark Manasse da Lyle McGeoch da Daniel Sleator suka tsara ta kamar haka: akwai ma'aikata k, kira yana zuwa ɗaya bayan ɗaya daga wurare dabam-dabam, kowane kira dole a tura masa ma'aikaci, wanda aka tura kuma yana zama a can har a sake buƙatarsa. Abin da ake son ragewa shi ne jimillar tafiya. Duk shekara idan na gabatar da wannan a aji, amsar farko ba ta canzawa: «Malam, ai sai a tura wanda ya fi kusa.» Amsa ce ta mai hankali, ita ce kuma tarkon.

A ce motocin asibiti biyu ne a kan hanya ɗaya. Ta farko tana ƙauyen da ke kilomita 0, ta biyu tana kilomita 100. Kira ya zo daga ƙauyen kilomita 10, sannan daga na 0, sannan daga na 10, haka dai ana ta musaya, kamar yadda yakan faru idan cuta ta ɓulla a ƙauyuka biyu maƙwabta. A kowane kira motar farko ce mafi kusa, saboda haka ita za ta yi ta kai da komo. Bayan kira 1,000 ta ci kilomita 10,000, ta biyu kuwa tana can a inuwa tayarta ba ta ko juya ba. Mai hangen baya zai taso da ta biyu sau ɗaya, kilomita 90, kowane ƙauye ya sami motarsa, magana ta ƙare. Kowace shawara cikin dubun nan daidai take idan aka dube ta ita kaɗai. Jimillarsu ce ta zama ɓarna, domin tsarin ba shi da littafi irin na kawu. Kowane kira yana zo masa kamar shi ne na farko a duniya.

Maganin da Marek Chrobak da abokan aikinsa suka kawo a farkon shekarun 1990 yana da ban mamaki a sauƙinsa. Idan kira ya faɗo tsakanin motoci biyu, duka biyun su tunkare shi da gudu ɗaya, su tsaya da zarar ɗaya ta isa. Idan kuwa ya faɗo a gefe, inda mota ke ɓangare ɗaya kawai, mafi kusa ta tafi ita kaɗai. A misalinmu, kiran farko daga kilomita 10 zai jawo mota ta biyu zuwa 90, na gaba zuwa 80, sannan 70. A kira na tara daga wannan ƙauye ta iso, a kira na gaba ta farko ta koma kilomita 0, daga nan kuma ba sauran tafiya. Jimilla kilomita 270, ko da kiran zai ci gaba har shekara. An tabbatar cewa a kan miƙaƙƙiyar hanya wannan tsari ba ya wuce ninki k na kuɗin mai hangen baya, ban da wani ƙari tsayayye da ya dogara ga tazarar da ke tsakanin motocin tun farko. A nan ninki biyu na 90 shi ne 180, tazarar farko 100, 270 kuwa bai kai 280 ba. Ba lallai ne ma mota ta biyu ta riƙa gusawa a zahiri ba. Ana iya gusa ta a kan takarda, a bar direba ya huta, sai ranar da lissafi ya nuna ita ce ta isa a tashe ta gaba ɗaya. Matsayinta a kan takarda shi ne littafin gibin.

Masu tsara matsalar a 1988 sun nuna cewa babu tsayayyen tsarin da zai yi ƙasa da ninki k muddin wuraren kira sun fi ma'aikata yawa, suka kuma yi hasashen cewa ana iya cimma ninki k ɗin a kan kowace irin taswira. Sun tabbatar da haka ga ma'aikata biyu. A 1995 Elias Koutsoupias da Christos Papadimitriou suka wallafa hujjar cewa wani tsari, wanda a kowane kira yake duba yadda mai hangen baya zai jera ma'aikatansa a kan duk kiran da suka gabata, ba ya wuce ninki biyu na k a cire ɗaya. Ga motoci 5, hasashe ya ce ninki 5, hujja ta tsaya a 9. Fiye da shekara talatin ke nan ba a rufe wannan tazara ba. Nakan gaya wa ɗalibai wannan da gangan, domin su san cewa tambayar da za a iya bayyana wa yaron mota cikin minti biyu tana iya gagarar manyan masana tsawon rayuwar aiki.

Wannan nazari bai tsaya a kan allo ba. A 2001 Michel Gendreau da Gilbert Laporte da Frédéric Semet suka wallafa wani tsari na sake jera motocin ɗaukar marasa lafiya, suka gwada shi da bayanan birnin Montreal na Kanada. Duk lokacin da mota ɗaya ta fita amsa kira, unguwarta ta zama fayau, sai a duba ko ya dace a gusa wasu su toshe gurbin. Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne sun sa tara a cikin lissafin ga yawan tayar da mota ɗaya, da tafiya mai nisa, da tura mota ta je ta dawo inda ta fito. Sun gane cewa a cikin motar akwai mutane, kuma ma'aikacin da ake yi wa tashi-zauna dare da rana gajiyarsa ma kuɗi ce, ko da ba ta fito a takardar mai ba.

A Nijar ba sai an yi dogon tunani ba kafin a ga inda wannan tambaya take da rai. Makiyaya na hawa arewa da damina su gangaro kudu da rani, taron shan gishiri na Ingal yakan tara jama'a da dabbobi wuri guda na ɗan lokaci a ƙarshen damina, sannan kowa ya watse. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Yamai da Dosso da Ƙonni da Maradi da Damagaram har Diffa, kusan ita ce miƙaƙƙiyar hanyar da ke cikin littattafan lissafi. Tun daga 2015, lokacin da rikicin yankin tafkin Chadi ya tayar da garuruwa, jama'a da yawa sun yi sansani a gefen wannan hanya a jihar Diffa, wasu kuma sun sake tashi fiye da sau ɗaya. Duk wanda aka damƙa wa motar likitoci ko tankar ruwa a irin wannan hali, tambayar kawu yake fuskanta, sai dai gibin da yake ƙirgawa na lafiyar mutane ne.

A nan ne nake dawo da ƙauyen kilomita 40. Tsarin da ke rage jimillar tafiya ya ajiye mota a kilomita 4, kuma zai bar ta nan ko da ƙauyen ya koma kilomita 400, domin na tsakiyar jeri bai canza ba. Idan aka sauya ma'auni aka ce a rage tafiyar wanda ya fi kowa nisa, motar za ta koma kilomita 21. Daga nan ba wanda ya wuce kilomita 19, maimakon 36 da na ƙarshe yake sha a da, amma jimillar tafiya ta haura daga 41 zuwa 88. Lissafin duka biyu daidai ne. Na farko yana tattalin mai, na biyu yana tattalin mace mai naƙuda da ke can ƙarshen hanya. Ga buhun gero, ni ma zan zaɓi na farko. Ga jinin da ke zuba bayan haihuwa, inda sa'a ɗaya ke raba rai da mutuwa, ra'ayina yana tare da na biyu, ko aƙalla da tsarin da ya sa iyakar nisan da ba za a yarda kowa ya wuce ba, sannan ya yi tattali a cikin wannan iyaka.

Saboda haka idan na ba ɗalibai aikin gida a kan wannan darasi, ba na karɓar lissafi sai an fara rubuta abu uku da kalmomi, cikin Hausar da mai gari zai fahimta: me ƙaura ɗaya take ci, har da gajiyar ma'aikata da ruɗewar mutanen da suka saba samun motar a wuri kaza, me kwana ɗaya na nisa yake ci, kuma wa ke biyansa, sannan wane ne ya fi kowa nisa, kuma an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Lambobi biyu na farko su ne ke faɗa wa tsari ranar tashi. Na ukun kuwa kwamfuta ba za ta nema da kanta ba, domin mutumin kilomita 40 sau da yawa ba ya kira, ya riga ya san motar ba za ta zo ba, kuma kiran da ba a yi ba ba ya shiga littafin gibi.